Surukina, Jakinsa da Karatuna

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Baba, mahaifin maigidana, ya amsa kira da hantsi a gidan haya a Batsari, garin da ya yi shekaru a ciki bai taɓa yarda ya kira shi gida ba. Bai bar hoto ko ɗaya ba. Ina tsoron jikokinsa su tashi ba su san komai a kansa ba sai cewa wani tsoho ne mai jaki, shi ya sa na ɗauki biro.

Kafin a sallace shi zaure ya cika har bakin titi. Mutanen ƙauyenmu na gefen Ruma, waɗanda 'yan bindiga suka warwatsa, sun fito daga duk inda suka fake. Wasu daga Wagini uku-uku a kan babur, wasu daga Safana, wasu a ƙasa. Katangar gidan haya ba ta da kauri, don haka mu mata muna jin duk abin da ake faɗi a waje. Wani tsoho ya ce shekarar da fari ya ƙone gero, Baba ya sauke masa iri a ƙofar gida, ya buɗe baki zai yi godiya, sai Baba ya zunguri jakinsa ya ce, "Wuce mu tahi, mutumen ga za ya soma." Aka yi dariya a wurin makoki, liman bai hana ba. Magina sun zo da ƙasa a ƙafafunsu, suna cewa ba su da wani mai kawo yashi da ke cika mangalar jaki kamar shi. Wani kuma da suka yi shekaru ba sa ga maciji da Baba a kan iyakar gona ya zo ya zauna can gefe yana ta share fuska da hularsa.

A cikin gida mata sai shigowa suke yi. "Sannunku da haƙuri. Ya muka ji da wannan rashi? Allah shi jiƙan shi." Muna amsawa har muryoyi suka dishe. Ana cikin haka na ji wata maƙwabciya ta sunkuya wajen ƙawarta, da irin raɗar nan da ake yi don a ji, ta ce, "Ita kau ɗalibar sai a aje jaka. Mai ɗaure mata gindi ya tahi." Da ni take. Daga nan zama ya gagare ni. In zauna in tashi, in wanke kwanon da aka riga aka wanke, in leƙa turke in ga ko an ba jaki ruwa, in dawo in zauna.

Gaskiyar matar ce ta hana ni sakat. Ina dab da shekara arba'in, babbar 'yata ta gama sakandare, kuma a watan da Baba ya rasu ne kwalejin horon malamai a Katsina ta ba ni gurbin karatu. An ce duk wanda bai je ya yi rajista ba kafin wata ya ƙare, za a ba wani. Ga shi wanda ya tsaya mini har na kai nan yana kwance a makara. Ina kukan rashinsa, ina kukan kaina, har na kasa raba wanne ne wanne.

Wanda bai san mu ba zai ɗauka ni da Baba hira muke zama muna yi. Ko kusa. Ni matar ɗansa na fari ce, kuma Baba mutumin Ruma ne na da, mai alkunya har ta yi yawa. Bai taɓa kiran sunan maigidana ba, sai dai "wancan." Ni kuwa sunana a bakinsa "mutanen ɗakin can." Ni ma ban taɓa furta nasa ba, ko yaron maƙwabta mai irin sunansa "mai sunan Baba" nake ce masa. Da safe in durƙusa daga bayan zana in ce, "Ina kwananku, Baba?" Shi kuma ya kalli wani wuri daban ya ce, "Lahiya lau, madalla." Iyakar maganar da ta taɓa shiga tsakanina da shi kai tsaye ke nan, tun ina amarya har na yi furfurar farko.

Sauran maganar duk ta hannun Auraki, jakinsa, take bi. Jakai sun mutu an sake wasu, amma sunan bai canza ba. In Baba yana da abin faɗa wa wanda yake jin nauyi, sai ya je turke, ya dafa wuyan jakin, ya ɗaga murya daidai yadda za ta kai ɗakin da yake so. Ranar da hannuna ya zarce a miya, ina tsakar gida na ji ya ce, "Kai Auraki, yau gishiri ya yi araha a gidan ga." Ranar da na haihu ya ce, "Auraki, an ce mun yi baƙuwa. Ka ce Allah shi raya, a sha kunun kanwa da kyau, kada a yi gaggawar hita." In maigidana ya makara zuwa gona, jakin ne ke shan faɗa. Hanyar kuma ta zuwa ce kawai, ba ta dawowa. Ba wanda ya isa ya je turke ya mayar wa Baba amsa. Amsarka ita ce ka rage gishirin, ko ka saɓi fartanya.

Mutum ne da ba ya iya zama. Ko a wurin ɗaurin aure, da an shafa fatiha shi ne farkon miƙewa. Duk maganar da aka yi, mai daɗi ko marar daɗi, da kalma ɗaya yake rufe ta: "To, sai a tashi." An yi ruwan shuka, sai a tashi. Sa ya karye, Allah ya kyauta, sai a tashi. Ranar da aka binne Inna, matarsa, ya dawo daga maƙabarta ya daɗe tsaye a turke, can ya ce, "To, Auraki," bai ƙarasa ba. Ranar kaɗai na san kalmar ta maƙale masa.

A ƙauyenmu akwai firamare mai aji biyu. Malaman da ake turowa daga gari ba sa daɗewa, wani ya yi zango ɗaya, wani ya zo ya ga hanya ya juya. Ni kuwa na yi sakandare a Safana kafin aure, lokacin mahaifina yana masinja a ƙaramar hukuma. Sai hedimasta ya roƙi in riƙa kama masa aji ɗaya. Ba albashi, sai abin da iyayen yara suka kawo da kaka, wannan kwanon wake, wancan damin gero. Izinin Baba ta turke ya zo: "Auraki, gara yaran ga su zauna aji da su riƙa bin ka da tsakuwa." Na yi shekaru a ajin nan. Da aka zo ɗaukar malamai aka ce sai mai takardar shaidar malanta. Aka ɗauki wani saurayi daga gari, na nuna masa inda alli yake, bai kai kaka ba ya nemi canjin wuri.

Tun daga ranar na ce wa maigidana ina son in koma karatu, ya nema mini izini wurin Baba. A gidan gandu ko akuya ba a sayarwa sai da yawunsa, balle mace ta bar ɗaki ta tafi birni. Maigidana ya ce, "To, bari in samu fuska." Kaka ta zo ta wuce, ya ce bai samu fuska ba. Wata kakar, Baba bai jin daɗi, bari ya warware. Wata kuma, ai kin ga yanzu ana ta hidimar biki. Da abin ya yi yawa na yanke wa kaina hukunci cewa Baba ya hana, maigidana yana ɓoye mini ne don kada in ji haushin tsohon. Na ji haushin nasa kuwa. Wata rana ma na ji shi a turke yana cewa, "Auraki, wai takardar ga da suke nema, a wace kasuwa ake samunta?" Na ce lallai, ga hani ga ba'a. Na yi shekaru ina durƙusa masa da safe, bakina na gaisuwa cikina na tafasa.

Sannan aka shiga shekarun da ba na son tunawa. 'Yan bindiga suka kore shanun noma da na kiwo a yini guda. Auraki ya tsira ne don yana fadama tare da Baba. Gona ta zama wurin da ake zuwa da kalmar shahada a baki, daga baya ma zuwan ya gagara. Muka kwaso abin da ya kwasu muka zo Batsari. Maigidana ya tafi ci-rani kudu. Baba, wanda yake ba mutane iri, ya ɗora wa jakinsa mangala ya shiga kai wa magina yashi. Bai taɓa kuka da aikin ba. Garin ne kawai ba ya so. Kullum da yamma zai tsaya ƙofar gida yana kallon yamma, duk wanda ya fito daga wajen Ruma sai ya tare shi: ya hanya, an fara komawa, rufin masallaci yana nan?

Gwaggo ce ta fasa ƙwan. Ƙanwar Baba ce, tana sayar da daddawa a Safana, kuma duk alkunyar da aka raba a gidansu ba ta samu ko ƙwaya ba. Ta zo mana kwana biyu, ta tarar da ni ina koya wa yaran unguwa karatu a ƙarƙashin dalbejiya, ta ce, "Ke wai mi ya hana ki ki je ki yi karatun ga ki huta? Matar maƙwabcina da ba ta kai ki kai ba ta gama, ga ta tana ɗaukar albashi." Na ce Baba ne bai yarda ba. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi zaure.

"Yaya, kai ka hana ɗiyar mutane karatu?"

"Ni? Wa ya tambaye ni?"

"Wancan bai gaya maka ba?"

"Wancan tunda anka haihe shi ya taɓa gaya mani wani abu?"

Ashe maigidana bai taɓa buɗe baki ba. Ya sha zuwa har gaban Baba da maganar, ya durƙusa, sai nauyi ya kama shi, ya yi zancen taki ya tashi. Shi kuma Baba ya daɗe yana so in tafi, amma a ganinsa ba girmansa ba ne ya ce wa matar ɗansa ta bar ɗakinta, kada a ce yana shiga tsakanin yaro da iyalinsa. Yana jiran a tambaye shi. Zancen kasuwar takarda da na ɗauka ba'a ne, iyakar ƙoƙarinsa ke nan na buɗe ƙofa. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati ta ce, "Gida guda, manya ukku, kowa na jin kunyar kowa, an bar jaki shi kaɗai da magana!"

Ba na jin na taɓa yin fushi irin na ranar. Ina ma a ce hana ni aka yi, da na san da wa nake faɗa. Shekarun da nake da ƙarfin ido da ƙarfin kai, shekarun da ake da shanu da hatsi a rumbu, duk sun tafi a kan kunya. Kuma lokacin ne aka yanke layukan waya a yankinmu, ko kiran maigidana in sauke masa ba dama. Na riƙe faɗan nan a cikina har ranar da na shiga mota zuwa Katsina neman yadda ake rajistar jarrabawa. Muna isa inda waya ke kamawa na kira shi, na yi masa tas a gaban fasinjoji. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ki yi haƙuri." Da na dawo gida Baba yana turke. Ya ce, "Auraki, abin da ya wuce ya wuce. To, sai a tashi."

Tashin kuwa ba sauƙi. Duk wanda ya tsara hanyar shiga babbar makaranta bai yi ta don irina ba. Sakamakona na sakandare ba lissafi ba Turanci, dole in sake. Na koma Safana gidan Gwaggo, na zauna benci ɗaya da 'yan mata sa'o'in 'yata, suna ce mini Mama, suna tashi su ba ni wuri kamar na zo duba su. An rufe kasuwanni, an hana babur, kuɗin mota ya ninka, kuma kowane abu sai an ce je ki Katsina. Ki je a ce na'ura ba ta aiki, ki dawo jibi, kamar Katsina bayan ɗaki take. Wani ma'aikaci ya kalli shekaruna ya kalle ni ya ce, "Hajiya, ɗiyar taki ba ta zo da kanta ba?" A unguwa kuma ana ta cewa mutane na neman na tuwo, wata na neman boko da furfura.

Na haye jarrabawar Safana. Saura jarrabawar shiga kwaleji, wadda ake yi a kwamfuta. Ni da ban taɓa dafa kwamfuta ba, aka zaunar da ni gabanta. Na san amsoshin, wallahi na san da yawa, amma ɗan abin nan da ake turawa da hannu ya ƙi bin umarnina. In nufi nan ya tafi can. Ina fama, zufa na zuba, allon ya rufe, aka ce lokaci ya cika. Na dawo Batsari na zuba littattafan a buhu na tura ƙarƙashin gado, na ce wa Gwaggo ta gaya wa kowa na gama.

A nan muka yi faɗanmu ɗaya tilo da Baba, kuma Auraki ne ya sha wahalarsa. Da safe Baba ya ce, "Auraki, shekarar da tsutsa ta cinye mamu gero, mun bar noma?" Na buga murfin tukunya. Washegari ya ce, "Auraki, kai sau nawa ka hwaɗi da kaya a rahi? Na ga kana nan." Na ce a raina, to tunda ta jaki ake bi, ni ma na san hanya. Ni ke ba shi ƙasari kullum in na wanke tsaki. Na daina, na riƙa zubarwa a kwata a gaban idon tsohon. Jakin ya yi ta kuka yana jan igiya. Baba ya shafa shi ya ce, "Yi haƙuri, laihina ne ya shahe ka." Muka yi kwanaki a haka, gidan ba daɗi, yara suna tafiya da sanɗa.

Ran nan da la'asar ya dawo daga aiki, ya sauke mangala, ya daɗe yana tari. Sannan ya yi magana, ba da muryar tsokana ba. "Auraki, ka ce masu ni ba don su kaɗai nike yi ba. Makarantar garinmu awaki ke kwana ciki. In Allah ya sa anka koma, wa za ya buɗe ta? Baƙo ya zo ya ga daji ya gudu. Na gida ne ba ya gudu, don nan gadon shi yake." Ina ɗaki ina ji. Sai a lokacin na gane tsayuwar da yake yi a ƙofar gida yana kallon yamma da karatun nan nawa abu ɗaya ne a wurinsa. Na jawo buhun daga ƙarƙashin gado. Da na wanke tsaki na kai wa jakin ƙasarinsa har da ƙarin dusa.

Bayan kwana biyu wani mai shagon kwamfuta a bakin tasha ya aiko wai in riƙa zuwa da rana ana koya mini. Na ce ban da abin biya. Aka ce an gama wannan. Mutumin yana ƙara ɗaki a gidansa, Baba ya ɗauki nauyin kawo masa yashin ginin gaba ɗaya a madadin kuɗin. In ina zaune ina koyon tura abin nan, sai in hango su ta taga, tsoho da jaki, suna wucewa da kaya a tsakar rana. Bai taɓa waiwayo shagon ba.

Da jarrabawa ta sake zagayowa hanya ta yi muni, maigidana kuma yana kudu. Baba ya ce wa Auraki mace ba ta bin hanyar nan ita kaɗai. Muka je tasha, shi a gaba ni a baya da tazara, kamar ba gida ɗaya muka fito ba. Ya zauna kusa da direba, na shige can kujerar ƙarshe. Babu jaki a mota, sai ya mayar da kwandasta jaki. "Yaro, ka ce ma mutanen baya an biya masu." "Yaro, ka tambayi mutanen baya ko sun ɗauko katin nasu." Kwandasta ya gaji ya ce, "Baba, mutanen baya su tara ne, wanne ciki?" Aka yi dariya, sannan muka shiga inda daji ya matso titi, kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar inji da tasbihi.

A ƙofar wurin jarrabawa iyaye sun cika, duk sun rako yara ƙanana. Baba ya samu gindin bishiya ya tsaya, don ba zama zai yi ba. Ina cikin layi, mai gadi ya bi inda idonsa ke zuwa ya ce, "Baba, ɗiyarka ce waccan?" Na sunkuyar da kai, na san tambayar ta yi masa nauyi. Sai Baba ya ce, "Malamar garinmu ce." Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Na share da gefen hijabi na shiga, kuma ranar abin turawar nan ya bi umarnina.

Tarin nan bai bar shi ba. Da damina ta tsaya ya kwanta, maigidana ya dawo daga kudu. Ko a kwance bai daina mutsu-mutsu ba, kullum yana tambaya ko an ji labarin gida. Ya sa aka matso da turken Auraki kusa da ƙofar ɗakinsa. Ranar da labarin gurbina ya zo na tsaya a tsakar gida da waya a hannu, ina kallon ƙofar nan, nauyi ya hana ni shiga. Maigidana ya je har bakin ƙofa ya dawo. Sai da Gwaggo ta zo ta shiga ta faɗa masa da ƙarfi kamar mai shela. Sai muka ji muryarsa daga ciki: "Auraki, ka ji? Madalla." Bai ƙara mako biyu ba.

Bayan sadakar bakwai 'yan'uwan maigidana suka zauna a zaure. Ba mugaye ba ne, kuma ba ƙarya suka faɗa ba. Babu gona, babu shanu, kwanon masara ya fi ƙarfin mai iyali. Ƙaninsa mai bi masa ya ce, "Yaya, kai za ka koma kudu. In ita ma ta tahi Katsina, wa za ya zauna da yara? Baba ne ya ɗauki abin ga, mu ba mu da ƙarhin shi. A saida jakin a rage wata ɓaraka, karatu in an samu sauƙi a yi." Ina bayan katanga ina jira in ji maigidana. Shi ne babba yanzu, kalmarsa ce za a bi. Na jira, na jira. Ba abin da na ji sai wani ya ce a yi addu'a.

Da ya shigo ɗaki ban raga masa ba. Na ce, "Shirunka ya ci mini rabin shekaruna, yanzu ka ba shi sauran ya cinye. In an samu sauƙi? Yaushe? Ina da wasu shekarun ne a ajiye?" Ya zauna bakin gado yana kallon ƙasa. Na ɗauko jakar da na haɗa tun Baba na da rai, na zazzage, na sake haɗawa, na sake zazzagewa. Kwanakin nan ko tuwo na tuƙa ba na sanin me na tuƙa. Wata kuma yana ta ƙarewa.

Ran nan bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ƙannensa suna zaure suna jiran koko, na ji motsi a turke. Na leƙa. Maigidana ne, sanye da tsohuwar rigar aikin Baba, yana ɗora wa jakin akumari, hannunsa bai saba ba, sai zamewa yake yi. Ya gyara, ya ɗora mangala, ya dafa wuyan jakin. Ya yi gyaran murya har sau biyu. Sannan ya ɗaga murya daidai yadda za ta kai zaure ta kai ɗakina.

"Auraki, ba a saida ka. Kudu ma na hwasa, ni da kai za mu ci gaba da yashin. Gwaggo ta ce za ta dawo nan ta zauna da yara." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka ce ma mutanen ɗakin can, motar Katsina ba ta jiran kowa. To, sai a tashi."

Gwaggo daga madafa ta ce, "La'ilaha illallahu, an gada!" Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara. Mutumin da ya kasa tambayar ubansa abu ɗaya tsawon aurenmu, yau ya yanke magana a gaban ƙannensa, ko da yake sai da ya bi ta jaki.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi a duniya ba. Ya mayar da mu garinmu lafiya, in kori awakin nan in share ajin da hannuna.

Kafin in fita tasha na wanke tsaki, na ɗauki ƙasarin na kai turke. Na ajiye, na durƙusa kamar yadda nake yi a bayan zana. Na san malamai za su ce jaki ba ya kai saƙo lahira, ni ma na sani, su yafe mini. Tunda na zo gidan ban taɓa mayar da amsa ta hanyar nan ba, kuma ba ni da wata. Na dafa wuyansa inda hannun tsohon ya saba zama, na ce, "Auraki, ka ce wa Baba na tashi. Ka ce masa na gode."

Ya ci gaba da shan ƙasarinsa bai ɗago ba. Mai shi ma bai taɓa tsayawa jin godiya ba.